Jan Mashin Ɗin da Ya Ƙi Lalacewa

Abu na farko da nake yi idan mutum ya kawo min mashin zai sayar, tun kafin mu gama gaisawa, shi ne in ɗora bayan hannuna a kan injin. In na ji shi da zafi sai in nuna wa mai shi benci, a kawo masa ruwa, mu yi hirar damina har injin ya huce. Mashin mai ciwo yakan ɓoye ciwonsa in ya yi gudu ya ɗumama, da sanyi ne asirinsa yake tonuwa. Akwai masu zagaya unguwa sau uku kafin su ƙaraso wurina saboda wannan dalilin. Sun san na sani, kuma duk da haka sai sun zagaya.

Da ku nake, ku samarin da kuke zuwa rumfata kuna ɗaukar hoton mashina da waya kuna sakawa a intanet, wai ku ma dillalai ne. Kwanaki ɗaya daga cikinku ya ce min, “Baba Sale, ai wannan sana'ar zama ce kawai. Mashin ya zo, mashin ya tafi, ka karɓi la'ada.” Ban ba shi amsa ba, don lokacin ina cin gyaɗa. Yau babu gyaɗa, sai ku gyara zama.

A wurin Oga Yakubu na koyi aiki, wani bakanike ɗan Wukari mai rumfa kusa da gadar Mayo Gwoi. Yana gyara, yana kuma saye da sayarwa. Shekarata ta farko a hannunsa ban taɓa sifana ba sai in zan wanke ta. Aikina sauraro ne. Zai tayar da mashin, ya miƙo min dogon sukundireba, in kafa bakinsa a jikin injin, in manna ƙotar a kunnena, ya ce, “Me ka ji?” In ce, “Ƙara nake ji, Oga.” Ya ce, “Akuyar can ma ta ji ƙara. Sake ji.” A haka har kunnena ya fara raba kukan ringi da na fistin, da ɗan ƙas-ƙas ɗin da sarƙar cikin inji take yi idan ta saki. Sukundireban yana aljihuna har yau, ƙotarsa ta cinye ta yi santsi. Shi da farin ƙyallen da nake karawa a bakin salansa in ga ko mashin yana shan baƙin mai, da ƙaramar tocilar duba lambar jikin ƙarfe, su ne kayan aikina gaba ɗaya.

Wata rana Oga ya tafi biki garinsu ya bar min rumfa. Akwai wani mashin da injinsa ke ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, Oga ya ce kar a sayar sai an kwance shi. Ni kuwa na tsinci wayo a bakin wasu, na ɗura masa baƙin mai mai kauri irin na babbar mota, ƙarar ta kwanta, na sayar wa wani mai kifi daga Lau. Har rantsuwa na yi masa cewa injin lafiya. Kwana biyu tsakani mashin ya mutu masa a tsakiyar hanya, rana tsaka, da kwando biyu na ɗanyen kifi a baya. Kifin ya lalace. Mutumin ya zo a motar haya, warin yana gabansa yana bayansa, ya tarar Oga ya dawo. Oga bai dake ni ba, bai ma ɗaga murya ba. Ya sallami mutumin, sannan ya ce in je in turo mashin ɗin daga inda ya mutu. Da ƙafa na je, da ƙafa na dawo ina ture da mashin mai warin kifi, karnukan kowane ƙauye suna raka ni har su miƙa ni hannun na ƙauyen gaba. Da na iso, Oga ya dube ni ya ce, “In za ka yi ƙarya ka yi a kan fenti. Fenti ba ya barin mutum a daji.”

Tun ranar ban sake ƙarya a kan inji ba. Kar ku ɗauka waliyyi ne ni. Nakan ce wani Alhaji ya taya jiya, zai dawo da yamma, alhali Alhajin nan shekara ashirin ke nan yana hanya bai iso ba. Nakan ce wa mutum kalar mashin ta dace da fuskarsa. Amma in na ce inji lafiyarsa ƙalau, daga nan har Lau mutum zai biya bai ko buga kik ba. Da wannan magana ɗaya na ciyar da gidana shekara talatin da ɗoriya, ba ni da wani jari da ya wuce ta.

To ga abin da wayarku ba za ta nuna muku ba. Mashin ɗin da ya fi dawowa kasuwa ba lalatacce ba ne. Lalataccen mashin yana manne da mai shi, babu mai saye, kullum suna tare a wurin bakanike har su shaƙu. Wanda ake kawo min shi ne na kirkin, ɗan madaidaicin nan na zuwa aiki da gona, marar shan mai, mai tashi bugu ɗaya. Kowa ya kawo ina tambayarsa, “Me ya sa za ka rabu da shi?” Ba gaskiya nake nema ba, so nake in ji irin ƙaryar da zai zaɓa.

Manomi kam ba ya ɓoye komai. Ruwan farko yana sauka zai kawo mashin don ya sayi taki, in an haƙe doya ya dawo ya sayi wani, wani lokacin ma nasa na da yake tararwa ya sake saye, su koma gida kamar ba a yi komai ba. Ma'aikacin gwamnati zai ce min bayansa ne ke ciwo, in na bincika sai in ji ƙarin girma aka yi masa, kuma masinjan ofishinsu irin mashin ɗinsa yake hawa. Saurayi mai shirin aure zai ce zai ƙaro jari, alhali yarinyar ce ta ce kujerar ta yi mata tauri. Akwai wani tela da ya kawo min nasa ya ce in yi masa musaya ya yi ciko. Shekara uku mashin ɗin bai taɓa ba shi matsala ba, kuma wannan ce matsalar. A majalisarsu kowa yana da labarin kafireto, ko na ranar da birki ya ƙi, shi kuwa sai ya zauna shiru babu abin faɗa. Na haɗa shi da wani ƙaton mai ƙara, na gaya masa gaskiya cewa injin ya gaji, ya ce shi yake so. Sau biyu a mako yake mutu masa. Yanzu in telan nan yana magana a majalisa babu mai katse shi, kuma duk sallah sai ya aiko min da hula.

Amma babban dalilin, wanda babu mai faɗa da bakinsa, aro ne. A nan wurinmu ba a hana aron mashin. Kuɗi kana iya cewa babu, mashin kuwa yana tsaye a ƙofar gida kowa na ganinsa. Maƙwabci zai kai marar lafiya, ƙanin matarka zai ɗauko buhun masara, liman zai je ɗaurin aure ƙauye. Wanne za ka kalla ka ce wa a'a, alhali gobe kai ma a ƙofarsa za ka tsaya? Mafita biyu ce kawai, ko mashin ya lalace ko a sayar da shi, na kirki kuma ba ya lalacewa. Mashin ɗin aro ina gane shi tun daga nesa. Kariyarsa ta ɗaura kaya a lanƙwashe, gashin akuya a maƙale a ƙasan kujera, madubi ɗaya yana kallon sama ɗaya yana kallon ƙasa. Kujerar mashin ɗin mutum ɗaya rami ɗaya gare ta, ta mashin ɗin aro kuwa a baje take, kowa ya zauna ya bar nasa.

Shekarar da aka hana mashin yawo a cikin gari ita ce shekarar da na fi ganin mashina, kuma ita ce wadda na fi jin yunwa. Kowa mai sayarwa ne, babu mai saye. Rumfata ta cika har waje. Wata kazar maƙwabta ta yi ƙwai a kwandon wani mashin ɗan roba-roba, ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki tara, mai kazar ta ba ni biyu, kuma su ne ribar da na gani a watan. Abokan sana'ata da yawa suka koma harkar keke mai ƙafa uku. Ni na kwashe na dawo nan bayan gari, bakin hanyar Sunkani, na riƙa loda mashina a akori-kura ina bin kasuwannin ƙauye. Mutanen ƙauye ne suka tsamo ni, don maganar nan ta inji ta riga ni isa wurinsu.

A nan bakin hanyar ne, wata safiyar Asabar, na hango Malam Usmanu yana turo jan mashin ɗinsa. Malamin firamare ne a wani ƙauye gaba da mu, siririn mutum mai yawan gaisuwa, ni na sayar masa da mashin ɗin shekara biyu kafin nan. Ya iso sharkaf da gumi. Na ɗora hannu, inji sanyi ƙalau. Na leƙa, sai na ga hular filogi a cire tana lilo. Na mayar da ita, na buga kik sau ɗaya, mashin ya tashi. Na sa sukundireba a kunne. A duk shekaruna ban taɓa jin inji mai natsuwar wannan ba.

“Kashe shi, Malam Sale, don Allah kashe shi,” in ji Malam, yana waigen hanya.

Na kashe. Na ce, “Malam, me ya same shi?”

“Injin ne ya buga.”

“Wanne injin? Wannan da na tayar yanzu?”

Sai ya zauna a benci, ya cire hularsa yana fifita da ita, ya ba ni labari. Surukinsa, mahaifin matarsa, wani dattijon Bafulatani ne mai 'yan shanunsa da ake kira Bappa Buba, gidansa bai fi jifa biyu daga nasu ba. Bappa ba ya roƙon mashin. Da hantsi ya ɗan leƙo zai zo ya zauna a dakali kusa da mashin ɗin, ya shafa kujerar, ya ce wa iska, “Ƙafa na tana ciwo yau, ga kasuwa.” Malam kuwa ko ido ba ya iya haɗawa da surukinsa, balle ya ce masa zai je aiki. Sai ya durƙusa ya miƙa makulli da hannu biyu, ya kama hanyar makaranta da ƙafa. Bappa ba ya wuce giya ta biyu, ya ce sauran na yara ne. Da yamma zai dawo da mashin tanki a bushe, da ƙwan zabo biyu a matsayin godiya. Malam ya ce min ƙwan zabon da ya ci a shekara biyun nan ya ishe shi har lahira.

Shi ne ranar ya cire hular filogi, ya turo mashin ya bi ta ƙofar Bappa da gangan don a gan shi. Bappa ya tambaya, ya durƙusa ya ce, “Injin ya buga, Baba.” Dattijon ya riƙe baki.

“Ka sayar min da shi can nesa,” in ji Malam. “Kuma duk wanda ya tambaya, ka ce injin ya buga.”

Na ce, “Nesa zan iya. Ɗayar kuwa ka san ba na yi.”

“Ko sau ɗaya?”

“Malam, sau ɗaya na taɓa yi, har yau ba na cin kifi da daɗi. Shiru dai zan iya yi maka.”

Ya karɓi kuɗinsa ya tafi a kan haka. Na canza rigar kujera, na wanke mashin tas. Kuskurena shi ne son a sani. Ya kamata in kai shi can baya in rufe da buhu har ranar da zan je kasuwa mai nisa, amma dillali ba ya iya ɓoye kaya mai kyau. Na jawo shi gaba, bakin titi, inda rana za ta haska jan fentin.

Kwana goma bayan nan wata ma'aikaciyar lafiya ta zo, Madam Rifkatu, tana aiki a wani ƙauye wajen Lau, tana bin rugage da ƙauyuka da akwatin rigakafi. Akwai mutum huɗu a benci, masu zuwa kallon ciniki ba sa sayen komai, irinsu ne jaridar wannan hanya.

“Oga Sale,” in ji ta, “an ce kai ba ka ƙarya a kan inji, shi ya sa na zo. Ni kaɗai nake shiga daji. In mashin ya mutu min, magani ya yi zafi ya lalace, yara sun rasa. Ba na son labari, fa.”

Na dafa jan mashin na ce, “Madam, wannan injin ba a taɓa kwance shi ba. Ko noti ɗaya.” Na buga kik, ya tashi, na miƙa mata sukundireba ta ji da kunnenta.

Tana cikin ji wata motar haya ta tsaya a tsallaken titi, wani dogon dattijo mai malfa da sanda ya sauko. Ban taɓa ganinsa ba, amma cikina ya ba ni.

“Jam na?” in ji shi. “Kai ne Sale mai mashin?”

“Jam, Bappa. Ni ne.”

Ya ƙi zama. Ya jingina da sandarsa ya ce, “Ni na kashe mashin na surukina. Kullum ni ne a kai, har injin ta buga. Yanzu Malam yana zuwa makaranta da ƙafa, kuma bai ce min komai ba, mai kunya ne. Kwana goma abinci ba ya shiga min. Jiya na sayar da bijimi. Ka ba ni mai kyau in kai masa.”

Duk wannan jan mashin yana kunne a gefena. Na kai hannu a hankali zan murɗa makulli, sai ya ɗaga sanda.

“Bari. Wannan murya na san ta.”

Ya zagaya mashin ɗin sau ɗaya. Ya sunkuya, ya sa yatsa a wata 'yar lotsawa a gefen tanki.

“Nan ragona ya tunkuya, ranar kasuwar Sunkani. Sale, wannan ba mashin na Malam ba ne?”

“Shi ne, Bappa.”

“Ka gyara injin ke nan?”

Madam ta cire sukundireba daga kunnenta. “Gyara? Ba yanzu ka ce ba a taɓa kwance shi ba?”

Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. In na ce na gyara, ga Madam, ga mutum huɗu a benci, kafin kasuwa ta zagayo an ji har Lau cewa Sale ya yi ƙarya a kan inji, abin da na gina tun ina ture mashin mai warin kifi ya rushe. In kuma na ce ba abin da ya taɓa samun injin, na tsayar da Malam Usmanu a gaban jama'a a matsayin wanda ya yi wa surukinsa ƙarya don ya hana shi aro, har dattijo ya rabu da bijiminsa. Wannan a wurinmu ba ƙaramar magana ba ce, tana iya sa a ce wa mace ta dawo gida tukuna. Kowa ya zuba min ido, mashin ɗin kuwa yana ta aikinsa lafiya lau, kamar da gayya.

Na ce, “Bappa, injin lafiyarsa ƙalau. Ba a taɓa kwance shi ba.”

“Malam ya ce ta buga.”

“Bappa, Malam lissafi yake koyarwa, ba inji ba. Hular filogi ce ta fita. Ina mayarwa ya tashi.”

“Ta fita da kanta?”

“Ni dai a cire na gan ta.”

“Nuna min wannan hula.”

Na nuna masa. Kafin in ce a kashe tukuna, ya kai hannu ya cafke ta, wuta ta fizge shi, ya yi baya yana yarfe yatsu, malfarsa ta faɗi. 'Yan benci suka sunkuyar da kai don kar su yi dariya. Ya ɗauki malfar, ya ce a kashe, sannan ya sake kama hular ya ja. Ba ta fito ba sai da ya sa ƙarfi. Ya mayar, ya sake ja. Sai ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji.

“Tana da ƙarfi, wannan hula. Ba ta fita da kanta.”

Ya daɗe yana kallon ƙasa, na ga abin ya taɓa shi, ni ma na ji ba daɗi. Sannan ya miƙe, ya ɗaga murya don 'yan benci su ji.

“Malam bai san inji ba. Yaron kirki ne, amma bai san inji ba. Mashin irin wannan ba a barin ta a hannun wanda bai san inji ba. Ni zan saya, in riƙe da kaina.”

Madam ta dube shi, ta dube ni, ta ce, “Au, maganar surukai ce? Ni ba ruwana. Nuna min wani.” Na haɗa ta da wani shuɗi mai lafiya, har yau shi take hawa. Bappa kuwa ya ɗaura sandarsa a kariya, ya hau, ya tafi a giya ta biyu, muna jin kukan mashin ɗin har ya sha kwana.

Washegari Malam Usmanu ya zo ko gaisuwar kirki bai yi ba. “Me ya ce?”

“Ya ce ba ka san inji ba.”

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan.”

Ya sauke numfashi ya yi hamdala. Tun daga lokacin duk ƙauyen suke tsokanarsa, ko fitila ta mutu sai a ce a kira Malam ya duba ko ta buga, shi kuma sai ya yi murmushi, don gara a ce masa jahilin inji da a ce masa ɗayan sunan, maƙaryaci. Kullum da safe Bappa zai wuce shi a hanyar makaranta, ya rage gudu, su gaisa doguwar gaisuwa, Malam a durƙushe a gefen hanya, sannan Bappa ya ja mashin ya yi gaba. Ba mugunta ba ce, suruki ba ya goya suruki, akwai kunya.

Wata uku cif, wata safiyar Asabar ɗin kuma, na hango jan mashin ana turo shi. Malfar na fara ganewa. Bappa ya iso yana haki, na ɗora hannu, inji sanyi. Na leƙa, wannan karon hular filogin babu ita gaba ɗaya.

“Bappa, me ya same shi?”

“Ta buga.”

Na miƙa masa tafin hannuna. Ya kalle ni, ya kalli hanya, sannan ya laluba aljihu ya ciro hular a naɗe cikin ganyen goro.

Ya zauna daidai inda Malam ya zauna. Ya ce 'ya'yansa maza uku kowa da ranarsa. Jauron ƙauyensu, wato mai unguwa, in zai je taro sai ya aiko. Shi ma Bappa ashe yana da nasa surukin da rai, wani tsoho tukuf wanda ba ya iya hawa, amma yana da jikoki masu iyawa. Ga kuma 'yarsa, matar Malam, da za ta shigo da sassafe ta ce Malam zai kai yaro asibiti, Malam zai je karɓo albashi, wa zai hana 'yarsa?

“Wata uku, sau huɗu na hau ta,” in ji shi. “Mai kuma ni nake zubawa. Ko ƙwai babu mai kawo min. Sale, lokacin da take hannun Malam na fi jin daɗinta.”

A nan ne na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko. Na ce a raina, inji irin wannan sau ɗaya yake zuwa hannun mutum, kuma wa zai ari mashin a wurin dillali? Na saye shi da kuɗina, na kai shi gida, har na tara iyalina na ce musu wannan ba na sayarwa ba ne, nawa ne. Na manta cewa akwai mutum biyu a duniya da suka san mashin ɗin, suka san gidana, kuma suka san abu ɗaya da bakina ba ya iya faɗa.

Ba a yi mako ba na fito da safe na tarar da Bappa a dakalina yana shafa kujera. Can gindin mangwaro, nesa kaɗan saboda kunya, ga Malam a tsaye yana karanta wata takarda da na tabbata ya haddace ta. Shekara biyu ke nan. Ba su taɓa zama sun yi maganar ba, amma sun raba kwanakin mako tsakaninsu daidai, har sun bar min Juma'a da yamma. Na gwada sayarwa, masu saye sun ji labari, sun san mashin ɗin da mutum biyu yake zuwa. Na gwada cire hular filogi na ɓoye a cikin tukunya. Bappa ya leƙa, ya sa hannu a aljihu ya ciro tasa sabuwa, ya ce tun ranar da wuta ta ja shi ba ya fita babu ita.

Yau da safe ma ya zo. Ni kuwa ina da ciniki a nan da wuri, kuma gwiwata ta dama ta kwana tana min ciwo, ciwon gaske. Muka gaisa, ya shafa kujera, ya ce ƙafarsa. Na tsaya da makulli a aljihu ban ciro ba. Ya lura. Ya ɗago kai ya dube ni, idonsa yana dariya, ya ce, “Yaya injin, Sale? Ko ta buga?”

Kalma biyu ce kawai. Babu Madam, babu 'yan benci, daga ni sai shi sai Malam can gindin mangwaro, kuma dukansu sun taɓa faɗarta ba abin da ya same su. Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Sai warin kifin nan ya dawo min hanci, sabo fil.

Na ce, “Lafiyarsa ƙalau, Bappa.”

“Useko,” in ji shi, godiyarsa ta Fulatanci, ya miƙo hannu.

Shi ya sa kuka ga na makara, shi ya sa kuma ƙafafuna suke cikin bokitin ruwan ɗumi muna wannan hirar. Kai mai cewa sana'ar zama ce kawai, na ga da mashin ka zo, ga shi can ka ɓoye bayan rumfa. Akwai wanda zan gani a Sunkani kafin la'asar, ƙafata kuma tana ciwo yau. Kar ka wahalar da kanka ka ce min ya buga, tun kana kwana na ji shi. Lafiyarsa ƙalau.